Riƙon Laburaren Jami'a: Sana'ar da Ake Koyo a Bakin Aiki

Wanda ya yi karatu a Laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya shekarun baya ba zai manta da kabad ɗin nan mai ƙananan durowoyi ba. Ka ja durowa, ka tarar da katuna a jere, kowanne da huda a ƙasansa, an zura musu siririn ƙarfe don kada wani ya zare. A kati ɗaya za ka ga sunan marubuci da na littafi da lambar da za ta kai ka kantar da yake. Yau ɗalibi daga ɗakin kwanansa yake latsa waya ya nemo abin da yake so. Mutumin da wannan sauyi ya faɗo wa a ka shi ne shugaban laburare.

Yawancin mutane sun ɗauka aikinsa gadin littattafai ne da hana surutu. Alhali yana cikin manyan jami'an gudanarwa na jami'a, tare da magatakarda da ma'aji, yana kuma zama a majalisar malamai. Idan Hukumar Kula da Jami'o'i ta aiko masu tantance kwasa-kwasai, laburare na cikin wuraren da suke dubawa. In babu sababbin littattafai da mujallun fannin, sashe guda yana iya rasa amincewa.

Hanyar shiga sana'ar sananniya ce. Mutum ya karanta ilimin laburare, wanda aka soma koyarwa a Zariya tun 1968, ya yi rajista da hukumar da dokar 1995 ta kafa don masu wannan aiki, sannan ya zagaya sassa: sayen littattafai, ba su lamba, ba da aro, kula da mujallu. Amma babu ajin da ke koyar da yadda za ka zauna gaban ma'aji ka kare kuɗin biyan rumbun mujallun intanet da dala, ko yadda za ka raba kason asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund tsakanin littattafai da kwamfutoci da sola, tunda kwamfuta ba wuta kwalliya ce kawai.

Mafi wuya kuwa shi ne mutane. Ɗauki dattijon da ya shekara ashirin da biyar yana buga kati da tafireta, aka wayi gari aka ce a koma manhajar Koha. Ba ƙin ci gaba yake yi ba, tsoro yake kada yaron da ya koya wa aiki ya ga gazawarsa. Shugaba mai dabara ba ya tura masa takardar gargaɗi. Sai ya haɗa shi teburi ɗaya da matashin da hannunsa ya faɗa da kwamfuta, ya ce, "Baba, kai ka san lambar kowane littafi a ka, shi kuma ya san inda ake latsawa. Ku taimaki juna." Kafin zangon karatu ya ƙare, sai ka iske dattijon yana gyara wa yaron kuskure a kan allon.

Kujerar ba ta daɗewa, domin doka ta ba shugaban wa'adin shekara biyar ne. Mayar da kundayen digiri na shekaru hamsin cikin kwamfuta kuwa ya fi ƙarfin wa'adi ɗaya. Shi ya sa gwanayen sana'ar suke jan na ƙasa da su tun da wuri: su tafi da su taron kasafi, su tura su wakilci a taron Ƙungiyar Ma'aikatan Laburare ta Najeriya, su damƙa musu sashe su bar su su yi kuskure su gyara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ranar da shugaba ya miƙa makullan ofis, ba yawan kwamfutocin da ya saya za a duba ba. Za a duba ko aikin ya tsaya da tafiyarsa.