Yadda magidanta a Abaji za su ƙarfafa siginar Wi-Fi a gida

A Abaji, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi shida na Babban Birnin Tarayya, gidaje da dama na samun intanet ta na'urar rauta mai ɗaukar layin waya. Sau da yawa magidanci kan sayi data mai tsada, amma ɗalibin da ke ɗakin baya ya kasa buɗe darasinsa. Kafin a kashe kuɗi kan sabuwar na'ura, ya kamata a gano inda matsalar take.

Sigina na bin matakai biyu: daga turken sadarwa zuwa rauta, sannan daga rauta zuwa waya ko kwamfuta. Idan an tsaya kusa da rautar amma intanet na jan ƙafa, rauni na matakin farko ne. Maganinsa shi ne a ɗaga na'urar sama kusa da tagar da ke fuskantar turken, ko a kafa mata eriya a waje.

Idan kuwa sabis na da ƙarfi a falo amma yana dusashewa a ɗakuna, matsalar ta cikin gida ce. Bangon siminti, ƙofar ƙarfe, kwanon rufi, madubi da tankin ruwa duk suna raunana sigina. Saboda haka a ajiye rautar a tsakiyar gida, a sarari, ba cikin kabad ko bayan talabijin ba.

Rautoci da yawa na aiki da zango biyu. Na gigahaz 2.4 ya fi nisa da ratsa bango, don haka ya fi dacewa da gida mai sassa da yawa. Na gigahaz 5 ya fi sauri, amma ba ya nisa. A babban gida, ana iya ƙara na'urar faɗaɗa sigina, a sanya ta inda sabis ke da sauran ƙarfi, ba inda ya riga ya mutu ba.

Haka kuma, kalmar sirri mai ƙarfi na hana baƙi cinye data da rage sauri, yayin da ƙaramin batirin ajiya ke riƙe rautar idan an ɗauke wuta.

Idan rauni daga turke ne kuma kamfanin bai magance ƙorafin ba, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, na karɓar koke kyauta ta lambar 622.