Sabon Layi a Tsohuwar Takarda

Maganar kimiyya ta yau a kan wata manhaja ce mai suna Git, wadda Linus Torvalds, mutumin ƙasar Finland, ya ƙago a shekarar 1905 da ɗari, watau 2005. Aikinta shi ne tsare tarihin gyare-gyaren da masu rubuta manhaja su ke yi, domin kada aikin wani ya ɓace ko ya shafe na ɗan'uwansa.

Duk sa'ad da mutum ya ajiye gyara, sai Git ta rubuta wata 'yar takarda. A kanta akwai layuka ƙayyadaddu: hoton aikin yadda ya ke a ran nan, da gyaran da ya gabata, da sunan marubuci, da na wanda ya shigar. Ƙarƙashinsu kuwa sai bayani, inda mutum ya ke faɗin abin da ya ga dama. Daga dukan abin da ke cikin takardar a ke lissafo lambarta, mai haruffa da alƙaluma 40. In an taɓa ko da ɗigo guda, lambar ta sāke, ta zama wata takarda dabam.

To, ga inda wuyar ta ke. Bukatu su kan ƙaru, amma tsohuwar Git tana nan a kwamfutoci masu ɗimbin yawa, ba kuwa mai ikon tilasta wa kowa ya sabunta tasa. Dabarar da ta fisshe su ita ce, Git ta kan ƙetare layin da ba ta sani ba, muddin ya zo bayan waɗanda ta sani. Saboda haka a 2012, da a ka ƙara layin sa hannu na asiri mai tabbatar da mai gyara, tsofaffin ba su yi tuntuɓe ba. Kamar akawu ne da ya ga baƙon hatimi a takarda, bai gane shi ba, amma ya ci gaba da aikinsa.

Amma fa ƙetarewa dabam, riƙewa dabam. In an ce wa Git ta ɗauki gyare-gyare ta sake jera su bisa sabon tushe, sababbin takardu ta ke rubutawa, baƙon layin kuwa ta kan bar shi a baya ba tare da ta ce uffan ba. Wata manhaja mai suna Jujutsu, wadda ta fara sa tata alamar gyara a kan takarda a 2025, ta kan gamu da wannan hasara. Masu manhajar Gerrit su dai tun tuni a gindin bayani su ke rubuta tasu, gama bayani ya kan bi takarda duk inda ta tafi. Ba shi da kyaun gani, amma ba ya ɓata.

Akwai kuma canjin da ba ya yiwuwa a ƙetare. A 2017 masana na Google da na wata cibiya a Amsterdam su ka nuna takardu biyu dabam masu lamba ɗaya a irin lissafin nan, SHA-1. A 2020 Git ta sami sabon lissafi, SHA-256. Ma'ajiyar da a ka gina da shi tana ɗauke da alama a bakin ƙofa, tsohuwar Git kuwa in ta gan ta, sai ta ƙi buɗewa sam, domin kada ta yi ɓarna cikin rashin sani.