Leda Ɗaya ta Jini: Abin da Sabon Likita Ya Koya Shi ne Zai Yi a Bakin Gado

'Yan'uwa, duk wanda ya taɓa jinya a Asibitin Sir Yahaya ko Asibitin Tarayya da ke Birnin Kebbi, ko kuwa babban asibitin Argungu, ya san maganar nan da ke sa cikin dangi ya ɗuri ruwa: "Sai an ƙara masa jini." Daga nan sai a bazama neman mai bayarwa, a buga wa ƙane waya, a tashi matasan ikilisiya daga barci. Idan an samu leda ɗaya sai kowa ya yi ajiyar zuciya, ana ganin wahala ta ƙare. To, a wajen likita kuwa a nan ne aikin haɗari yake farawa, kuma sau da yawa wanda yake tsaye a bakin gadon da tsakar dare matashi ne da bai daɗe da gama makaranta ba.

A ƙasarmu, wanda ya gama karatun likita sai ya yi wata 12 na sanin makamar aiki a ƙarƙashin manya, yana zagaya sashen cututtukan manya, da tiyata, da yara, da haihuwa. Bayan haka sai bautar ƙasa, wadda takan kai shi asibitin ƙaramar hukuma inda manyan likitoci ba su da yawa. Abin da aka koya masa game da jini a shekarar nan ta farko, shi ne guzurinsa.

Tun 1901 Karl Landsteiner, wani likita a Biyana ta ƙasar Ostiriya, ya gano cewa jinin mutane rukuni-rukuni ne. Yau mun san A da B da AB da O. Idan aka ba mai O jinin mai A, jikinsa zai fasa ƙwayoyin baƙon jinin, sai zazzaɓi da makyarkyata, da ciwon baya, fitsari ya yi duhu, ƙoda ta iya tsayawa. Wannan kowane ɗalibi yakan haddace shi don jarrabawa. Amma a Birtaniya, inda tun 1996 ake tattara rahoton duk wani kuskure na ƙarin jini, abin da ya yi ta fitowa shekara da shekaru shi ne yawancin matsalolin daga hannun mutum suke: an rubuta sunan wani a kan kwalbar gwajin wani, ko an ɗauko ledar wani an rataya wa wani. Idan haka take a can, sai mu duba namu ɗakunan jinya, inda za ka iske Maryamu biyu ko Ibrahim uku a dare ɗaya.

Na ga amfanin wannan koyarwa da idona a wata damina. An kira ni asibiti saboda wata 'yar'uwa da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa. Da aka kawo ledar, mijinta ya matsa a sa nan take. Likitan, yaro ne ƙarami, ya ƙi gaggawa. Ya tambaye ta sunanta da bakinta, ya karanta lambar katinta da ƙarfi, nas tana duba takardar da ke jikin ledar, suka duba rukuni da ranar ƙarewar wa'adi. Mijin ya ce, "Likita, don Allah, ai duk an gwada!" Ya amsa masa, "Yi haƙuri, Baba, minti biyu ne." Bayan ya sa, bai tafi ba, ya tsaya yana duba zafin jikinta da bugun jini. Daga baya na fahimci dalili: a minti 15 na farko ne mummunar illa ta fi bayyana, kuma wanda aka horar ya san abin yi, wato ya tsayar da jinin nan take, ya bar allurar da ruwan gishiri, ya kira babba, ya mayar da ledar ɗakin gwaji.

Akwai kuma ƙa'idodin da dangi ba su cika sani ba. Ana ajiye jini a firji na musamman mai sanyin digiri 2 zuwa 6. Idan an fito da shi, a fara sawa cikin minti 30, a gama cikin awa 4. Ba a ɗumama leda a rana ko a ruwan zafi. Kowace leda kuma dole a gwada ta don ƙanjamau, da ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere, ko da ɗan'uwa na jini ne ya bayar.

A ganina, darasi mafi wuya shi ne sanin lokacin da bai kamata a ƙara jini ba. Mu mutanen fadamar Rima mun san yadda zazzaɓin cizon sauro yake shanye jinin yara da damina, ga kuma masu sikila. Yaro irin wannan ana auna masa jini ne da nauyinsa, kusan mililita 20 na cikakken jini ga kowane kilo, a hankali, domin idan aka cika masa da sauri zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Amma babba wanda jininsa ya ragu kaɗan, yana tafiya da ƙafarsa, sau da yawa maganin ƙarin jini na sha da abinci mai kyau sun ishe shi. Likitan da ba a koya masa wannan ba, tsoro da matsin dangi za su sa ya rataya leda, ledar da wataƙila mai naƙuda za ta nema kafin asuba a rasa. Saboda haka idan likita ya ce ba sai an ƙara ba, kada mu ɗauka rowa ce ko raini.

Wasu a cikinmu sukan tambaye ni ko karɓar jini zunubi ne, suna kawo Ayyukan Manzanni sura 15. Abin da muke koyarwa shi ne maganar can ta cin jini ce, ba ta ceton majinyaci ba. Sabon likita ma yana bukatar a koya masa yadda zai saurari mai irin wannan shakka, ya bayyana masa amfani da haɗari da harshen da yake ji, kafin a sa hannu a takarda.

A 2021 an sa hannu a dokar da ta kafa hukumar kula da jini ta ƙasa, dokar lafiya ta 2014 kuwa ta hana sayar da jini. Duk da haka har yanzu yawancin jinin asibitocinmu daga dangi yake fitowa, a lokacin da abu ya riga ya ɓaci. Mai shekara 18 zuwa 65, mai nauyin kilo 50 ko fiye, mai lafiya, yana iya bayar da kusan mililita 450, namiji kowane wata uku, mace kowane wata huɗu. A ikilisiyarmu mun buɗe ɗan littafi, muna rubuta rukunin jinin duk wanda ya yarda da lambar wayarsa, yana hannun shugabar zumuntar mata.