Ko Ka Sani? Rabin Birkin Keke a Jikin Rim Yake

Idan birkin keke ya daina kamawa, abin da kusan kowa ke yi shi ne ya tura keken wurin mai gyara, ya ce a ɗaure masa birki ko a canja roba. Mai gyara ya ɗaure, a biya shi, a tafi. Bayan kwana biyu sai birkin ya koma gidan jiya. Ba a cika waiwayar ɗaya ɓangaren ba, wato fuskar rim ɗin da robar ke matsewa. Abu biyu ne ke haɗuwa su tsayar da keke, roba da ƙarfe, kuma ko da robar sabuwa ce fil, muddin ƙarfen ya sha mai ko ya ɗauki datti, aikin banza ne.

Yadda abin yake, keken da ke gudu yana ɗauke da ƙarfi, birki kuwa ba ya ɓatar da ƙarfin nan, juya shi yake yi ya koma zafi ta hanyar gugar roba da rim. Shi ya sa wanda ya gangaro da kaya yana riƙe da birki, in ya taɓa rim zai ji shi da ɗumi. Idan nauyi ya ninka, aikin birki ya ninka. Idan gudu ne ya ninka, aikin ya ninka sau huɗu. Jarka mai lita 25 nauyin ruwanta kilo 25 ne, to wanda ya ɗaura huɗu a kan kariya ya ƙara wa kekensa kilo 100, kuma duk wannan nauyi wasu 'yan robobi huɗu ne, da kowace ba ta wuce tsawon ɗan yatsa ba, za su tsayar da shi.

Ƙasar Katagum shimfiɗaɗɗiya ce, ba tudu ba gangare sosai, kuma ina ganin wannan ne ya sa ake yi wa birki riƙon sakainar kashi. Sai ka ga yaro ya taho a guje, ya sa silifas ya danne tayar gaba, ko ya ja ƙafa a ƙasa har ya tsaya. A hanyar gona wannan na iya wucewa. Amma Azare, wadda ta zama mazaunin Sarkin Katagum tun zamanin Turawa bayan an taso daga tsohon garin Katagum, a kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri take, ga tireloli, ga tankoki, ga 'yan acaɓa da masu Keke Napep. A nan silifas ba birki ba ne.

Kekunan da ke yawo a yankin iri biyu ne, kuma kowanne da wurin da birkinsa ke kamawa. Akwai tsohon samfuri, baƙin keke mai birkin sandar ƙarfe, irin su Raleigh da aka fara ƙerawa a Nottingham ta Ingila, da Phoenix ta Shanghai a ƙasar Sin, da Hero ta Ludhiana a Indiya. Rim ɗin waɗannan ƙarfe ne da aka yi wa farin shafe mai ƙyalli, robobin kuma daga ciki suke jawo shi sama, ta fuskar da wayoyin ƙafa suka shiga. Sai kuma kekunan gwanjo masu giya da birkin waya, waɗanda akasarinsu rim ɗin alminiyam gare su, robobin suna matse shi ta gefe da gefe. Wanda bai tabbatar da irin nasa ba ya kanga maganaɗisu: in ya manne ƙarfe ne, in ya faɗi alminiyam ne.

Babban maƙiyin rim ɗin ƙarfe mai ne da ruwa. Duba yadda ake zuba wa kaca mai a bakin titi: a ɗauko baƙin man inji a cikin tsohuwar gora, a tsiyaya shi ana juya feda baya, yana ɗiga. Wani ya faɗa kan wayoyin ƙafar baya, ƙafa na juyawa yana gangarowa, ya je ya kwanta daidai inda robar ke bi. Ƙura ta hau kai, ta zama wani baƙin danƙo. Ɗigo biyu ya isa, domin robar da kanta za ta shafe shi ta zagaye rim ɗin kaf. Galibi wannan ne dalilin da birkin baya ke riga na gaba mutuwa.

Ruwa kuma nasa sharrin daban ne. Shafen nan mai ƙyalli santsi ne da shi, da zarar ya jiƙe roba ba ta samun abin kamawa sai ta fara share ruwan tukuna. Ƙafar keke mai inci 28 tana cin fiye da mita 2 a kowane juyi guda. Ke nan idan sai ta juya sau biyu ko uku kafin birki ya ciji, mutum ya riga ya yi mita 4 zuwa 7 hannunsa na kan birki keke na tafiya abinsa. Masu wayo in sun fito daga kududdufi da damina sukan ɗan matsa birki a hankali suna tafiya, don rim ya bushe tun kafin buƙata ta taso. A Ingila, inda ruwan sama ba ya yankewa, har robobi masu fata a jiki aka riƙa yi wa irin wannan rim, saboda fata ta fi roba kama jiƙaƙƙen ƙarfe.

Alminiyam ya fi kamawa, ko da ruwa ko babu, amma laushi gare shi, kuma yashi ya fi shi tauri nesa ba kusa ba. Nan ƙasarmu take shigowa. Rairayin jigawa da rani, taɓon fadamun kogin Jama'are da damina, da ƙurar hunturu, wadda mai yawa daga cikinta iska ke kwasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Cadi, duk suna sauka a kan rim. Da an matsa birki sai ƙwayoyin yashi su nutse cikin roba su zauna daram. Daga ranar robar ta zama dutsen wasa wuƙa, kowace tsayawa tana ɗan kankare rim. Baƙin ruwan tokar nan da ke ɓata gefen taya bayan an sha ruwan sama ba laka ba ce zalla, garin alminiyam ne da na roba. Idan ka ji birki na ƙara kamar ana jan kwano a kan siminti, ciro robar ka duba ta a rana. Za ka ga ƙananan abubuwa na ƙyalli a jikinta, ɓarɓashin rim ɗinka ne.

Wankin ba wani abu ne mai wuya ba. A kifa keke ko a ɗaga shi a kan tsayuwarsa, a samo ruwa da ɗan omo ko sabulun wanke-wanke, a goge fuskar birkin da soso ana juya ƙafa, ɓangare biyun duka. A ɗauraye sosai, don sabulun da ya bushe a kai shi ma santsi yake sawa. A tsane da tsumma mai tsabta, ba wanda aka goge kaca da shi ba. Inda mai ya kama, sifirit ɗin da ake sayarwa a kemis ya fi komai, yana narkar da maiƙo ya bushe bai bar komai ba. A ci gaba da gogawa har farin tsumma ya daina yin baƙi.

Kananzir kuwa a bar shi, ko da yake shi hannu ya fi saurin kaiwa. Yana wanke datti, gaskiya ne, amma shi kansa maiƙo yake bari. Fetur yana cin robar taya, ga haɗarin wuta. Haka kuma mai son kekensa ya yi ƙyalli ranar Juma'a ya kiyaye kada man gogewa ya kai inda birki ke bi.

In an gama da rim sai a koma kan robobi, in ba haka ba su za su mayar da dattin cikin minti biyar. A sa tsinin allura ko kan wuƙa a ciccire yashi da ɓarɓashin ƙarfe, a goga fuskar a kan samfefa har ƙyallin da zafi ya sa mata ya gushe. Wadda ta sha mai har ciki, ko rana ta busar da ita ta yi tauri, sai dai canji. Wajen mayarwa akwai abin lura: gidan ƙarfen da ke riƙe roba a tsofaffin kekuna gefe ɗaya a toshe yake, ɗaya a buɗe. Toshen ne ke kallon gaba. Aka juya shi, ranar da aka matsa birki da ƙarfi ƙafa za ta fizge robar ta yar. Idan kuma birkin gefe yana kuka bayan an wanke, a karkata robar kaɗan yadda bakinta na gaba zai riga na baya taɓa rim da kamar milimita 1.

Samfefa mai laushi ba ta cutar da alminiyam idan an bi a hankali, amma kada a kai ta kan rim mai shafe. Shafen siriri ne, in ya kankare tsatsa ce za ta biyo baya, tsatsa kuma cin roba take yi. Tsatsar da ta riga ta fito a bi ta da soson ƙarfe mai laushi.

Akwai lalacewar da wanki ba ya gyarawa. Bangon rim ɗin alminiyam yana fitowa daga masana'anta da kaurin da bai wuce milimita ɗaya da rabi ba ko kusa da haka, kuma shi ne ke riƙe bakin taya da duk iskar da aka buga. Keken gwanjo ya riga ya ci wani abu daga kaurin nan a ƙasar da ya fito. Wasu kamfanoni sukan yi ɗan layi ko ɗan rami a gefen rim, wanda ɓacewarsa ke nuna rim ya ƙare. Inda babu alamar, a kanga rula a gefen a duba: idan tsakiya ta lotsa har haske na wucewa, ko bakin rim ya fara buɗewa waje, bangon ya yi sirantar da zai iya tsagewa, sau da yawa ma lokacin da ake buga iska ko an ɗora kaya. Irin wannan rim canja shi ake yi, kuma kafin a samu kuɗin sabo a rage iska, a rage kaya.