Yadda Muka Fara Koyon Zane

 

Mu ƴan aji biyar muna son mu gaya wa iyayenmu da ƙannenmu abin da muka koya bana a darasin zane. Da farko da yawanmu cewa muke yi "ni ba ni da hannu", mu ture kaye gefe. Malam ya tuna mana cewa ranar da aka fara ba mu allo, alif ɗinmu ma a karkace yake. Yadda hannu ya koyi rubutu, haka yake koyon zane. Kayan gida da gine-gine muke zanawa, ba masu rai ba.

Mataki na farko layi ne. A ɗiga ɗigo biyu a takarda, a kai hannu a komo tsakaninsu sau uku a iska, kireyo bai taɓa takarda ba, sannan a ja layin sau ɗaya tak. Motsin ya fito daga kafaɗa, domin wuyan hannu lanƙwasa layi yake yi in ya yi tsawo. In ya kauce, kar a bi shi da gyara, a ja wani. Minti goma kullum ya fi awa biyu ranar Alhamis kaɗai. Wanda ba shi da takarda, alli da allo ko ƙasar tsakar gida sun ishe shi.

Mataki na biyu shi ya fi ba mu wuya. Malam ya ajiye ƙwarya a kan tebur ya ce mu zana. Kusan duk muka yi bakinta da'ira cikakkiya, don mun san haka yake. Sai ya ce mu rufe ido ɗaya, mu miƙe hannu, mu auna faɗin bakin da kireyo, mu auna tsayinsa. Ashe daga inda muke zaune faɗin ya ninka tsayin! Wannan da'irar da ta matse ita ake kira elips a lissafi. Ba ta da tsini a gefe, kuma ba ƙwai ba ce, don ɓangarorinta biyu daidai suke. Ku gwada da kofin shayi: in bakinsa yana daidai da idonku, layi kawai za ku gani, kuna sauke shi ƙasa yana buɗewa. Shi ya sa gindin kofi ya fi bakinsa lanƙwasa in an dube shi daga sama.

Mataki na uku nisa ne. Ku tsaya bakin hanyar da ta tafi Damagaram daga nan Maraɗi, ku dubi turakun lantarki. Tsayinsu ɗaya, amma na nesa sun fi gajarta a ido, gefen hanya biyu kuma kamar za su haɗu a can ƙarshe. A takarda sai a fara jan layi a kwance daidai tsayin ido, a sa ɗigo a kansa. Duk layin da ya miƙe ya bi hanyar, wajen ɗigon nan zai nufa. Abin da yake tsaye kuwa, kamar turke ko gefen ƙofa, a tsaye zai zauna. In ka tsuguna layin ido ya sauka, in ka hau soro ya tashi.

Wannan ilimi yana da tarihi. Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965, ya rubuta Kitabul Manazir a Masar, inda ya tabbatar da cewa haske ne yake fitowa daga abu a miƙe ya shiga ido. An fassara littafin zuwa Latin. Daga baya, a 1435, wani mutumin Italiya mai suna Albati ya rubuta ƙa'idar zana nisa a takarda.

Iyayenmu, in kun ga yaro ya cika shafi da layuka, don Allah kar a ce ɓarnar kaye yake yi. Kafinta da magini da tela duk suna bukatar su zana wa mai aiki abin da za su yi kafin a taɓa kuɗi. Mai zayyanar allon sauka ma da layi da da'ira yake farawa. Ku kuma ƙannenmu, ku ajiye zanenku na ranar farko, kar ku yaga shi don kunya. Bayan wata uku ku jera shi da sabo, ku duba da kanku.