Haɗe Hukumomi: Wa Zai Amsa Idan Ruwa Ya Ci Gona?

A 2012 kwamitin Stephen Oronsaye ya ba da shawarar a rage hukumomin tarayya daga 263 zuwa 161. Sai a Fabrairun 2024 Shugaba Tinubu ya ce a aiwatar.

Mu matasan Haɗejia, maganar ta shafe mu. Wata hukuma ke hasashen ambaliya, Hukumar Raya Kogunan Haɗejia da Jama'are ke kula da ruwan Tiga da Challawa, NEMA kuma ta kawo agaji. Idan ciyawar kacala ta toshe kogi, ruwa ya shafe shinkafar iyayenmu, da ita ake biya mana kuɗin makaranta, wa za mu tambaya?

Dambu idan ya yi yawa ba ya jin mai. Amma rage adadi kaɗai bai isa ba. A fayyace aikin kowa, a nuna mana ofishin da zai amsa.