Yadda Ihun 'Yan Kallo Ya Sauya Kiɗan The Beatles

Ranar 11 ga Fabrairun 1963, samari huɗu 'yan birnin Liverpool, wato The Beatles, suka shiga situdiyon EMI da ke titin Abbey Road a Landan. Kafin su tashi da dare sun naɗi waƙoƙi 10 na faifansu na farko, Please Please Me. Mura ta kama John Lennon a ranar, shi ya sa aka ajiye "Twist and Shout" sai ƙarshe, kada murya ta dushe tun aiki bai yi nisa ba. Jigon waƙoƙin kuwa bai wuce soyayyar ƙuruciya ba.

Farin jini ya zo musu da wahalarsa. Duk filin da suka je wasa, ihun jama'a yakan danne kiɗan, har su kansu ba sa jin abin da suke kaɗawa. Ranar 29 ga Agustan 1966, a San Francisco ta Amurka, suka yi sallama da yawon wasa.

Da ma hankalinsu ya riga ya koma situdiyo. A faifan Rubber Soul na 1965, George Harrison ya shigo da sitar, abin kiɗan nan mai tsirkiya da masu kallon finafinan Indiya suka san amonsa. Revolver na 1966 ya fi shi nisa. "Taxman" ƙorafi ce kan harajin gwamnatin Birtaniya, "Eleanor Rigby" kuma labarin wata mata ce da ta mutu babu wanda ya je jana'izarta. Babu jita babu ganga a cikin wannan waƙa, sai gogen Turawa da furodusansu George Martin ya tsara. Mawaƙan da suka fara da zancen 'yan mata sun koma maganar kaɗaici da mutuwa cikin shekara 3 kacal. Da suka huta da tafiye-tafiye, sai da suka kwashe watanni kan Sgt. Pepper na 1967, faifan da ya fi suna, kodayake a wajen ƙarfin waƙa da wuya ya kamo Revolver.

Rasuwar manajansu Brian Epstein a 1967 ta buɗe ƙofar saɓani. A faifansu mai farin bango na 1968 kusan kowa ya ja nasa, har Ringo Starr ya yi fushi ya tafi na ɗan lokaci. Abbey Road na 1969 shi suka naɗa a ƙarshe, amma Let It Be ne ya fito daga baya, a watan Mayun 1970, wata guda bayan Paul McCartney ya nuna ya raba gari da sauran.